Mai son motsa jiki a Garwa, ya yi lissafinsa da watan Afrilu

A makon farko na Janairu, bayan an idar da sallar asuba, na bi ta gefen filin wasa na Rumde Ajiya, a nan Garwa ta arewacin Kamaru, na tarar da jama'a birjik, kowa da sabon takalmin gudu. Cikinsu na hango wani maƙwabcina, dattijo mai shago a babbar kasuwa, wanda ko masallacin Juma'a na unguwa a kan moto, wato babur ɗin haya, yake zuwa. Yana gudu yana haki, gumi ya jiƙa shi sharkaf duk da sanyin safiyar, hannu ɗaya dafe da ƙugu. Na tare shi na ce, "Alhaji, a bi a sannu mana, jikin bai saba ba." Ya ce, "Malam, ƙyale ni. Bana sai na sauke tumbin nan kafin azumi."

Ba a jima ba na je duba shi a gida, gwiwa ta kumbura, an naɗe ta da bandeji. Ciwon zai warke da yardar Allah. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne hukuncin da ya yanke yana kwance: wai ya gane motsa jiki harkar yara ce da nasara, irinmu ba mu da rabo a ciki.

Ban yarda da wannan hukunci ba, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne yawancin shirin da muke ɗauka a farkon shekara tun ranar farko yake a mace, domin mun auna shi da sanyin Janairu da zumuɗin sabon abu. Janairu a Garwa wata ne mai daɗin fita. Iska na kaɗawa, rana ba ta cizo da wuri, mutum yana jin zai iya komai. Amma shekara wata goma sha biyu ce. A gaba akwai azumi, akwai Maris da Afrilu da zafi ke kai maki 40 har ya zarce, akwai damina da laka. Duk wanda zai tsara wa kansa motsa jiki a ƙasar nan, ya fara tambayar kansa: wannan abin da na ɗauka, zan iya yin sa a tsakiyar Afrilu, ranar da ban samu barci ba saboda zafi? In amsar a'a ce, ya rage shi har ta koma e.

Abin da ya rage bayan an yi wannan ragi, ga mafi yawanmu, tafiya ce da ƙafa, da ɗan sauri, kusan rabin awa, a lokacin da ba ya canzawa. Na san wasu za su raina ta. Zan zo kansu.

Nawa ake bukata?

Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idarta a 2020: babban mutum yana bukatar minti 150 zuwa 300 a mako na motsi matsakaici, ko minti 75 zuwa 150 na motsi mai tsanani irin gudu, sannan kwana biyu a mako ya yi abin da ke ƙarfafa tsoka. Yara daga shekara 5 zuwa 17 awa ɗaya kullum. Motsi matsakaici shi ne wanda numfashinka zai ɗaga, ka iya magana amma ba ka iya rera waƙa ba. Rabin awa sau biyar a mako, an cika 150 ɗin. Kuma a ƙa'idar ba a ce sai an yi shi a zama ɗaya ba. Minti goma da safe, goma da yamma, goma bayan isha, duk suna shiga lissafi.

Hukumar ta kuma ce, bisa alƙaluman shekarar 2022, kusan kashi 31 cikin 100 na manyan mutanen duniya ba su kai wannan ma'auni ba. Da can muna jin irin wannan magana mu ce ta mutanen Turai ce. Yanzu ta shigo mana har tsakar gida.

"Mu da muke wahala tun safe?"

Wannan ita ce amsar farko da ake ba ni, kuma akwai gaskiya a cikinta. Manomin da ke dashen muskuwari, wato dawar rani, a ƙasar laka da ake kira karal, da masuncin Lagdo, da mai tura amalanke, da matar ƙauye mai daka da ɗebo ruwa da itace, ba su da bukatar wani ya koya musu motsa jiki. Nasu ya wuce kima. Abin da suke nema abinci mai kyau ne da hutu.

Amma mu faɗa wa juna gaskiya, Bahaushen birni yanzu mai zama ne. Tela yana kan keke tun hantsi har magariba. Mai shago yana kan benci, yaro ke miƙo kaya. Mai canji, mai sayar da waya, malamin ofis, direban babbar motar da ke jigila tsakanin Ngaundere da Kusiri, duk zaune suke. Ɗan moto ma, wanda kowa ke gani yana zirga-zirga, a zaune yake wuni. Dukkansu suna komawa gida a gajiye liƙis, kuma gajiyar ta gaske ce: rana ta doke su, ƙura ta shiga ido, baya ya ƙage, kai ya ɗau zafi da ciniki. Sai dai zuciya ba ta yi aikin da zai ƙarfafa ta ba, cinyoyi ba su ƙona sukarin da aka sha ba. Mutum na iya gajiya ya kwanta kamar matacce alhali duk ranar bai taka kilomita ɗaya ba.

Moto ta sauƙaƙa mana rayuwa, ba na musu. Ta kuma ƙwace mana ƙafafu. Tafiyar da iyayenmu ke yi ba tare da sun ma lissafa ta ba, daga Yelwa zuwa kasuwa, daga gida zuwa bakin Binuwai, yau sai mun miƙa ɗari biyu an kai mu. Har yaro in aka aike shi sayen omo a bakin titi sai ya tsaya jiran moto.

Zafi, ƙura da azumi

Nan ne shirin mutane ke karyewa, don haka zan ɗan daɗe a nan.

Shawarwarin da matasanmu ke gani a waya an rubuta su ne don garuruwan da mutum ke iya fita gudu da ƙarfe goma na safe. A Garwa ko Marwa ko Injamena, wanda ya fita gudu da ƙarfe goma a watan Afrilu yana wasa da ransa. Zafi na iya kayar da ƙato, jiki ya kasa sanyaya kansa, kai ya juya, mutum ya faɗi. Lokacin da muke da shi biyu ne kacal: daga sallame asuba zuwa kafin rana ta ɗaga, sai kuma bayan magariba ko isha.

Kuma a nan muke da wata dama da mutanen wasu ƙasashe ke nema da kuɗi ba su samu ba. Masu nazarin ɗabi'a sun daɗe suna cewa sabuwar al'ada tana kama ƙasa ne idan aka ɗaure ta da tsohuwa wadda ba ta motsi. Mu muna da biyar a kowace rana. Wanda ya riga ya tashi asuba, ya yi alwala, ya fito, ya gama da mafi wuyar aikin, wato rabuwa da shimfiɗa. Abin da ya rage masa kawai, in an sallame, kada ya miƙe gida. Ya zagaya ta doguwar hanya, yana azkar ɗinsa na safe yana tafiya. Ba ya bukatar agogo mai ƙara, ladan ya ishe shi. Ba ya bukatar sabon kaya, jallabiyarsa da takalmin da ba ya cizon ƙafa sun wadatar.

Wanda zai iya, ya riƙa zuwa masallacin da ya ɗan fi nisa a wata salla. Imam Muslim ya ruwaito cewa Banu Salima sun so su taso su dawo kusa da masallacin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, sai ya ce su zauna a gidajensu, ana rubuta musu sawayensu. Ladan taku yana nan, lafiyar taku tana nan.

Ƙurar hunturu matsala ce ta gaske, musamman ga mai asma da tsofaffi. Ranar da hazo ya rufe gari har ba a hango Dutsen Tingilin, a rufe hanci da baki, a rage sauri, ko a yi a cikin gida. Tashi da zama daga kan kujera sau goma, a huta, a sake. Tura bango da hannu. Hawa da sauka a dakali. Waɗannan su ne ƙarfafa tsokar da ake magana, ba sai da ƙarfe ba.

Sai azumi, wanda a shekarun nan yake kamawa cikin Fabrairu, wato daidai lokacin da zumuɗin Janairu ke sanyi. Mutane da yawa suna ajiye komai su ce sai bayan salla, bayan salla kuma zafi ya shigo, shi ke nan sai wata shekara. A ganina azumi lokacin rage nauyin aikin ne, ba a yanke shi. Minti goma sha biyar bayan an sha ruwa abinci ya ɗan faɗa, ko tafiya da ƙafa zuwa tarawihi da dawowa. Tarawihin kanta tsayuwa ce da ruku'u da sujada masu yawa, jiki yana amfana. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura kuwa, kada ya haɗa azumi da motsa jiki sai ya zauna da likitansa, domin sukari na iya faɗuwa warwas.

Damina ta fi sauƙi. Gari ya yi sanyi, sai dai laka da sauro. Ranar da aka tashi da ruwa, a koma na cikin gida.

"Girmana zai zube"

Wannan ba a cika faɗinsa da baki ba, amma shi ya fi hana dattawa. A wurinmu tafiya da ƙafa alamar rashi ce. Alhaji ya fito yana taku, kafin ya kai kwana mutum uku sun tsaya: "Ranka ya daɗe, motar ta lalace ne? Hau in kai ka." In ya ce motsa jiki yake yi, a bi shi da kallo, a ce ko dai likita ya gano masa wani abu. Tumbi kuma har yau muna yi masa kirari. Mutum ya yi ƙiba mu ce ya samu hutu, ya rame mu ce ko lafiya.

Kitsen da ke taruwa a ciki shi ne mafi haɗari, shi ke tafiya da ciwon sukari da hawan jini. Ana iya gane shi da zare ma: a auna tsawon mutum, a ninka zaren biyu, in bai zagaye cikinsa daidai cibiya ba, lokacin gyara ya yi.

Maganin kunyar nan a hannun manya yake. Ranar da limamin unguwa da mai unguwa da attajirai biyu suka fara zagayawa tare bayan asuba, magana ta ƙare, washegari za a ga mutum goma a bayansu. Talaka ba ya iya canza abin da ake ɗauka girma. Masu girman ne ke iyawa, kuma nauyin yana wuyansu.

Mata fa?

Duk abin da na faɗa a sama ya fi sauƙi ga namiji. Shi ke fita asuba, shi ke da titi. Matar aure a unguwanninmu, musamman ta gidan da ke da ɗan hali, ita ce ta fi kowa zama. Injin niƙa ya ɗauke daka, famfo ko mai kura ya ɗauke ɗiban ruwa, 'yar aiki ta ɗauke wanki da shara. Ba na kukan komawa wahalar da, Allah ya kiyaye. Amma ba a sa komai a gurbinta ba. Ga haihuwa a kai a kai, ga kunun kanwa da naman jego, ga zaman ɗaki. Tana shekara arba'in gwiwa ta fara, ƙafa na kumbura, a ce sanyi ne, a nemo jiƙo.

Wani abin takaicin ma, 'yan mata da amare na sayen ƙwayoyin ƙiba da ake kira sha-ka-fashe don su cika ido. Wasu daga cikin ƙwayoyin nan magunguna ne masu ƙarfi da likita ke bayarwa don wata cuta daban, kuma shan su barkatai na tayar da sukari da hawan jini, ya kumbura fuska. Daga baya kuma a koma neman shayin rage tumbi a wurin mai talla. Kuɗi biyu, cuta biyu.

Masu cewa bai dace mace ta motsa jiki ba, ina tuna musu cewa Abu Dawuda ya ruwaito Manzon Allah ya yi tsere da Nana A'isha, ta wuce shi, bayan shekaru suka sake ya wuce ta. A ƙasar nan tamu kuma, Sarah Etonge, uwar 'ya'ya, sau bakwai tana lashe tseren hawan Dutsen Kamaru a Buea. Ba ina cewa matanmu su hau dutse ba ne. Ina cewa jikin mace ma an halicce shi don motsi, kuma sutura ba ta hana tafiya. Da hijabi ake zuwa biki da suna da gaisuwar mutuwa, da shi za a iya taka rabin awa.

Akwai hanyoyi da ba su saɓa wa tsarin gidajenmu ba. Matan gida ɗaya ko maƙwabta su haɗu a tsakar gida mafi faɗi bayan la'asar. Masu zuwa Islamiyya su tafi da ƙafa a ƙungiya maimakon kowa ta tare moto. Miji ya fita da matarsa bayan isha su zaga unguwa, wanda ko ba don lafiya ba zai gyara zama. Maigidan da ya hana matarsa wannan, ya sani shi zai biya kuɗin magani, kuma ita za ta sha ciwon.

"Tafiya ai ba motsa jiki ba ce"

Samari ke faɗin haka, da 'yan ƙwallon safiyar Asabar da Lahadi da ake kira deux-zéro. Ina son deux-zéro. Tana haɗa zumunci, tana fitar da mutum daga gida, kuma garin da ya haifi Coton Sport, wadda ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, ba za a raba shi da ƙwallo ba. Mai ƙarfin gudu ya yi gudu, mai son ɗaga ƙarfe ya ɗaga.

Damuwata ita ce mutum mai shekara hamsin ya yi kwana shida a zaune, ran Lahadi ya shiga fili yana tsere da ɗan shekara ashirin da biyar, a tashi a zauna a ci soya a kora da lemon kwalba biyu. Irin wannan ne ke tsinka jijiya, wani lokaci ma zuciya ta tsaya a fili. In ya riƙa tafiya a sauran kwanakin, ƙwallon Lahadin sai ta zame masa lafiya.

Ga masu raina tafiya, akwai babban binciken da aka yi a Amurka aka wallafa a 2002, kan mutanen da ke dab da kamuwa da ciwon sukari. Waɗanda aka sa su motsa jiki minti 150 a mako, galibi tafiya da sauri, tare da gyara abinci da rage kusan kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin ta ciwon sukari, nasu ya ragu da kashi 31. Mai kilo 90, kashi bakwai ɗinsa kilo shida ne da 'yan kai. Ba a ce ya koma siririn saurayi ba.

Kada kuma lambar taku 10,000 da waya ke nunawa ta karya wa kowa gwiwa. Asalinta tallar wata na'urar ƙirga taku ce a Japan a shekarun 1960. Amfani yana farawa tun ƙasa da haka sosai, kuma wanda ya fi kowa cin riba shi ne wanda ya tashi daga babu zuwa kaɗan.

Kofin shayi da tukunyar miya

Ba zan ce a bar tuwo ba. Duk mai ba Bahaushe shawarar ya bar tuwo ya koma cin ganye da tuffa, bai shirya a ji maganarsa ba. Abincinmu na asali ba shi da laifi: dawa, gero, wake, kuka, kuɓewa, yakuwa, tafasa, zogale, kifin Binuwai. Abin da ya shigo daga baya ne ya yi yawa.

Sukari na farko. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce wanda ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya wuce kusan giram 50 a rana ga babba, in an iya ma a tsaya a 25. Ƙwayar sukari ɗaya kusan giram biyar ce, ke nan ƙwaya goma a wuni. Yanzu a lissafa: kunun safe, shayin mai shayi da madarar gwangwani mai zaƙi, shayin majalisa zagaye uku, zoɓo mai sanyi da rana. Babbar kwalbar lemo ɗaya kaɗai ta haura giram 50 ɗin. Mutum bai ci alewa ko ɗaya ba amma ya ninka ƙa'ida.

Gishiri kuma giram biyar ne a rana, bai cika ƙaramin cokali ba. Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga shi ana jefa uku ko huɗu a tukunya sannan a ƙara gishiri, a kawo yaji shi ma da nasa. Daddawa da albasa da tafarnuwa da busasshen kifi suna ba miya ɗanɗano in aka ba su dama.

Shawarata a nan ita ce a ɗauki abu ɗaya tak. Mai sa ƙwaya huɗu a shayi ya koma uku, ya zauna a haka har harshe ya manta, sannan ya koma biyu. Uwargida ta rage dunƙule ɗaya ba tare da ta yi shela ba. Wanda ya ce daga ɗaya ga Janairu ya bar sukari da mai da nama da shinkafa gaba ɗaya, ranar sunan farko da aka gayyace shi zai rushe. Lafiyar jiki adashe ce: zubi kaɗan da ba ya yankewa shi ke tara abin ɗauka, wanda ya zuba da yawa sau ɗaya ya ɓace ba shi da kwasa. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito daga Nana A'isha ya ce aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. A kan ibada aka faɗe shi, amma duk wanda ya taɓa ƙoƙarin canza hali ya san ya game ko'ina.

Kuma al'ada ba ta kafuwa a mako uku yadda ake yaɗawa. Wani bincike da aka yi a Landan aka fitar a 2009 ya samu cewa a tsaka-tsaki kwana 66 ake ɗauka kafin sabon abu ya zama jiki, wasu har fiye da kwana 250. Ya kuma nuna tsallake rana ɗaya ba ya rushe ginin. Saboda haka wanda tafiya ko rashin lafiya ko rasuwa ta katse shi, ya koma washegari, ba sai ya jira wata Janairu ba.

"Ajali in ya zo ya zo"

Haka ne, babu mai ƙara wa kansa minti ɗaya. Amma wanda ya taɓa jinyar mai shanyewar ɓarin jiki ya san akwai abin da ke gaban mutuwa. Na ga magidanci mai iyali, mai faɗa a ji, ya koma sai an juya shi, sai an kai shi bayi, bakinsa ya karkace yana son magana ba ta fita, hawaye na bin kuncinsa. Shago ya rufe, yara suka bar makaranta, aka sayar da fili. Shekaru ya yi a haka. Da aka bincika, tansiyon ɗinsa ya daɗe a sama bai sani ba, domin hawan jini ba ya sallama. Mutum na iya yawo da shi shekara da shekaru ba ciwon kai ba jiri.

Mai cewa ajali yana kulle shagonsa da kwaɗo biyu, yana duba mai kafin ya kama hanyar Marwa. Jiki ma amana ne, za a tambaye mu a kansa.

Don haka kafin sayen takalmi, wanda ya haura arba'in ya je asibiti ko kantin magani a auna masa jini da sukari. Awon jini minti biyar ne. In ana samun 140 bisa 90 ko sama a awo daban-daban, magana ta koma hannun likita, kuma tafiya ba ta maye gurbin ƙwayar da ya rubuta, tare suke aiki. Wanda ya ji ƙirji ya ɗaure, ko numfashi ya sarƙe, ko jiri na ɗibarsa yana cikin tafiya, ya tsaya nan take ya nemi asibiti.

Abin da ba na mutum ɗaya ba

Ba adalci ba ne a ɗora wa mutane komai. Wanda ya ce zai taka da ƙafa a garuruwanmu yana kokawa da moto a kan titi ɗaya, domin gefen da aka tanada don masu tafiya, inda ma akwai shi, 'yan tebur da masu gyara da motocin da aka ajiye sun cinye. Unguwanni da yawa ba fitila, kuma mace ko tsoho ba za su fita cikin duhu ba. Filayen da yara ke buga ƙwallo a da, ɗaya bayan ɗaya an yanka su an yi gini.

Garwa ta karɓi wasu wasannin gasar cin kofin Afirka a Janairun 2022. A nan Najeriya ta ci Masar ɗaya da nema, duniya ta kalle mu, an gyara tituna da filayen atisaye. Tambayar da ya kamata mu riƙa yi wa magadan gari da kansiloli ita ce: nawa ne daga cikin wuraren nan talaka zai iya shiga da asuba ya zaga ba tare da mai gadi ya kore shi ba? Tattakin da ake shiryawa gabanin bikin matasa na 11 ga Fabrairu ko ranar mata ta 8 ga Maris, a raba riguna a ɗauki hoto, yana da kyau, amma sau ɗaya ne a shekara.

Abin da nake roƙo ba ya cin kuɗi mai yawa. A buɗe harabar makarantun gwamnati daga asuba zuwa ƙarfe shida da rabi, da kuma bayan an tashi, a ware wa mata wasu ranaku su kaɗai. A sa fitilu masu aiki da hasken rana a hanya ɗaya ko biyu a kowace unguwa, a hana ajiye kaya a gefenta. Kwamitocin masallatai su sayi na'urar awon jini, wadda kuɗinta bai kai na buhun shinkafa biyu ba, a samu ma'aikacin lafiya cikin masu salla ya riƙa auna mutane bayan Juma'a sau ɗaya a wata, wanda aka ga nasa ya hau a rubuta masa a takarda ya kai asibiti.